Ranar da Layata Ta Faɗo a Yammedi

Ko tsufa zai share mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da Azahar ɗin bikin Yammedi ba. Kuma tun yanzu in gaya muku, kunya dai na sha ta, amma har gobe ban yarda na yi wauta ba.

Ni ɗan Beli ne, ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Rogo. Abu biyu dangi suka san ni da su: harkar kirifto, wato kuɗin intanet, da faɗa da laya. Wannan na biyun, Goggo Hansai ce ta fi kowa shan sa, ƙanwar babana da ke aure a Yammedi. Ranar sunan 'yata ta fari ta ɗaura wa jaririyar laya a wuya. Na shiga ɗaki na gani, na sa reza na tsinke zaren a gaban mata. Goggo tana cewa, "Kai ɗan nan, kada ka farke. Wanda ya ba ni ya ce in aka buɗe ta a gaban mutane ta karye." Na ce, "To ta karye mana," na farke ta tas. (Sabon karatu ne yake ɗibata a lokacin, ga ƙuruciya.) Shekara huɗu aka yi, ko na je gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango.

To, ni burina ɗaya ne, in gina ɗaki biyu in fita daga gidan haya. Duk abin da gyaɗar gonata ta ba ni da ɗan abin da na matse daga albashi, a kirifto na zuba shi. Da na ga ana yashe mutane ta waya, a turo maka saƙo ka danna a kwashe, sai na sayi walet ta hannu. 'Yar na'ura ce kamar filash. Ka haɗa ta da waya da igiya, ka sa lambar sirri a jikinta, ba a wayar ba, kuma ba abin da zai fita sai ka duba ɗan allonta ka danna maɓalli da yatsanka. Ranar da ka fara kunna ta takan ba ka kalmomi ashirin da huɗu ka rubuta a takarda. Su ne asalin makullin. Duk wanda ya gan su ba ya bukatar na'urar, ba ya bukatar lambarka, daga inda yake zaune zai share ka. Ba a ɗaukar hotonsu, ba a rubuta su a waya, ba a nuna wa kowa.

Matsalata takarda. A gidan hayar nan gara ta cinye mini takardar shaidar firamare, rufin yana yoyo, maiɗakina kuma duk takardar da ta gani a ƙasa ta hura gawayi ce. Na yi kwanaki ina juya abin, sai dabara ta faɗo mini. Me ya fi fata riƙe takarda a ƙasar nan? Kuma wane ɓarawo ne zai shiga ɗakinka ya ɗauki laya? Tsoronta ma zai ji.

Ranar kasuwa na tafi har Karaye, don kada ɗan Rogo ya gan ni. Na ninke takardar, na naɗe a leda, na tsaya a kan baduku har ya gama ɗinki. Ya ce, "Malam, ta kasuwa ce ko ta tsari?" Na ce, "Ta tsari." (Ku duba da kyau, ban yi ƙarya ba.)

Wata takwas tana ƙasan akwatina lafiya lau. Sai aka sa auren ƙaramin ɗan Goggo, kuma a satin masu gyaran rufi suna shiga da fita a ɗakina. Zuciyata ta ƙi yarda in bar ta. Na ɗaura ta a damtse, na rufa da riga da babbar riga, na jefa na'urar a aljihu. Wato makulli da kwado duk na kwasa na tafi da su biki. Wannan kam, na amsa, shi ne kuskurena guda ɗaya.

Bayan ɗaurin aure muna zaune a gindin darbejiya a ƙofar gida. Sabi'u, babban ɗan Goggo, abokin wasana, ya fara tsokanata. "Ga mai kuɗin iska nan. Ka nuna wa mutane dukiyar da ba a gani mana." Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni wa? Na zaro na'ura da igiya na haɗa da waya, samari suka yi mini rumfa. Da zan sa lambar sirri na ja babbar riga na lulluɓe kaina, kamar mai satar shan ruwa da azumi. Na fito ina ta lacca: kada ku sa lamba ana kallo, kada ku yarda da abin da waya ta nuna sai kun gani a allon na'ura, kalmominku ko matarku kada ta sani.

Sabi'u ya ce, "To kai ina ka ɓoye naka?"

Na ce, "Inda hankalinka ba zai taɓa kai wa ba."

Aka kira Azahar. Na ɗauki buta na tsuguna, na naɗe hannun riga har sama. Ashe gumin hanya ya sa zaren ya saki. Ina miƙa hannu in wanke gwiwar hannu, sai ga ta ta silalo, ta faɗo a taɓon alwala, daidai ƙafar Sabi'u. Ja, sabuwa, ɗinkin baduku ras.

Sabi'u ya ɗauka da yatsa biyu ya ɗaga sama, a hankali, kamar ya kamo ɓera. Ya leƙa zaure ya ce, "A kira mini Inna. A ce ta bar duk abin da take yi."

Goggo ta fito tana gyara mayafi, mata uku a bayanta. Ta kalli layar, ta kalle ni a tsugune da ruwa yana ɗiga a hannu. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan kallon.

Sabi'u ya ce, "Shi ya koya mana ai. Laya farke ta ake a ga abin da ke ciki. Wa ke da reza?"

Nan take aka miƙo. Na ɗaga kai na ga wayoyi sun kai goma, duk sun saita hannunsa, ana ɗaukar bidiyo. In ya farke, kalmomina za su shiga wayar kowa, kafin La'asar an tura su ko'ina, ɗaki biyuna sun tafi. In kuma na ce ba laya ba ce, makullin walet ne, to na sanar da Karaye da Rogo abin da za a nema a ɗakina, da kamanninsa. Ƙofa ɗaya ta rage mini, kuma Goggo ce tsaye a bakinta.

Na miƙe na riƙe hannun Sabi'u. Na ce, "Layata ce. Ba ni."

Ya ce, "Mu dai gani."

Na ce, "Wanda ya ba ni ya ce in aka buɗe ta a gaban mutane ta karye."

Dariyar da aka yi, har wani dattijo sai da ya sake alwala. Goggo kaɗai ba ta yi ba. Ta karɓi layar daga hannun ɗanta, ta goge taɓon da bakin mayafinta, ta sa mini a tafin hannu ta danne.

Ta ce, "Ba wanda zai farke masa. Mu ba ma yi wa mutum haka." Ta dube ni ta ƙara da cewa, "Gobe ka nemi zare mai ƙwari, ɗan nan."

Wannan maganar ta fi dariyar ƙona ni, don na san gaskiyarta.

Bidiyon ya riga ni isa Rogo. Ranar Litinin ina shiga ofishin malamai aka ce, "Barka da zuwa, Mai Laya." Sunan ya bi ni har yau, har ɗalibai na ji suna raɗa shi. Ban taɓa wanke kaina ba, kuma ba zan wanke ba. Su yi ta faɗa. Gara ba ta ci ba, ruwa bai taɓa ba, ido bai gani ba, ginina ya kai linta. (Kafin in rubuta wannan na canja walet da kalmomi da maɓoya, don haka mai shirin zuwa ɗakina ya huta.)

Abin da na koya bai wuce biyu ba. Kada ka kai makulli da kwado biki, kuma kada ka farke wa tsohuwa abinta a gaban mutane, ko da kana ganin kai ne mai gaskiya.

Bara maiɗakina ta sake haihuwa. Ranar suna Goggo ta zo tun daga Yammedi, ta ɗauki jaririn, ta zaro laya daga bakin zani. Tana ɗaurawa tana kallona ido cikin ido.

Ta ce, "Ko da magana?"

Na ce, "Babu, Goggo."