Bikin Buɗe Ƙwaya Guda

Jama'a, jiya na ga abin da ya hana ni cin tuwo, ni da ko ranar da aka sallame ni daga aiki sai da na siɗe kwano.

Da sassafe na goya maƙwabcina Manzo a kan moto daga Maijirgi, muka nufi wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, don ina da iyali. Manzo manomin gero ne. Tun kaka jininsa ke zurarewa ta ciki, ba a san ta ina ba. Tafin hannunsa ya yi fari fat, in ya ja hauya kaɗan sai jiri ya kwashe shi. A Maraɗi an zura masa tiyo ta baki, an zura ta ƙasa, ba a ga komai ba. Aka ce ɓarnar tana cikin ƙaramin hanji, doguwar hanyar nan mai lanƙwasa da tiyo ba ya kaiwa, kamar yadda manyanmu ba su kaiwa ƙauye. Ga damina ta ƙarato. In ba a gano inda jinin ke bi ba, gonarsa za ta kwana saura, shi kuwa Allah kaɗai ya san inda zai kwana.

Sai aka ce wasu abokan arziki daga waje sun ba da kyautar wata ƙwaya mai kamara. Ba ta kai dabino girma ba, har da fitila a cikinta. Ka haɗiye ta da ruwa, ta bi hanji tana ɗaukar hoto, tana aika wa wani ɗan akwati da ake ɗaura maka a ƙugu. In ta gama ta fita ta inda kowa ya sani, aikinta ya ƙare ke nan, ba a maimaita ta. Guda tak aka kawo, kuma Manzo aka zaɓa. Likita Zahra'u ta ce kada ya ci komai, ya sha maganin wanke ciki. Ya sha, ya wanku har ya ce iska na ratsa shi.

Muna isa muka tarar da rumfa da kujeru da makaɗa. Ashe ba a haɗiye ƙwaya sai an yi bikin buɗe ta. Aka zaunar da Manzo a sahun gaba, kusa da masu gasa balangu.

"Malam," ya ce da ni, "ƙamshin nan zai kashe ni kahin ciwon ya samu dama."

Sai bayan azahar Mai Girma Sarkin Almakashi ya iso da jerin motoci. Esansin, wato man fetur, da suka ƙona zai kai Manzo Yamai ya dawo, har da dangin matarsa. Aka yi jawabai, aka ci nama, aka gode wa kowa ban da mara lafiya.

To, kun san al'adarmu. In an gina famfo, Mai Girma ke fara shan ruwan. In an gina lakwal, wato makaranta, shi ke fara zama a benci. Ita kuwa ƙwaya ba ta da ƙyallen da za a yanka. Na ga mai protokol, wato mai tsara zaman manya, yana sharce gumi.

"Ranka ya daɗe, to mi za a ɗauka a hoto?"

Mai Girma ya ɗauki ƙwayar ya ɗaga sama, fitilarta na ƙyafta ido. Likita ta taso da sauri.

"Ranka ya daɗe, ta majinyaci ce, kuma guda ce..."

Ganga ta haɗiye sauran maganar. Maroƙi ya ce, "Na gaba a komai! Kowa ya biyo ka ya ga baya!" Mai Girma ya jefa ta baki, ya kora da lemo. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na tafa, domin na kusa da ni yana kallon hannuwana.

Mu yi adalci, mutumin jarumi ne. Wa ya taɓa ganin babba ya yarda a shiga cikinsa da fitila? Sai dai ɗan akwatin da ke karɓar hotunan yana nan kan tebur a kashe, an ce zai ɓata zaman shadda. Abin da jama'a suka daɗe suna son gani, kamara ta gani ita kaɗai, ta tafi da sirrinta masai.

Da taro ya watse, likita ta durƙusa gaban Manzo, idonta ya yi ja.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka samu kunu ka sha. Za mu roƙa a aiko da wata."

Mai protokol ya jiyo yana naɗe tabarma. "Madalla! In ta zo ku sanar da mu da wuri. Akwai wani Mai Girma da bai samu zuwa ba yau, kuma ransa ya ɓaci."

A hanya na tsaya na sai wa Manzo fura. Ya sha a hankali, sannan ya goge baki.

"Malam, kai da ka yi boko har jami'a, manyan nan su nawa ne a ƙasar ga?"

"Mi ya kawo tambayar?"

"In san ko ni ne na nawa a layi."

Na yi lissafi a jami'a, amma ba a koya mana ƙirga abin da ke hayayyafa ba. Na dai ce ya riƙe ni da kyau, don hanyar da za mu bi bara aka buɗe ta.