Furofesa Nababa da Ajin 'Yan Baiwa

Duk ƙauyukan da ke tsakanin Bici da Dawakin Tofa ba a taɓa yin mai ilimi kamar Malam Nababa, hedimastan firamaren Unguwar Rimaye ba. Wannan tabbatacciyar magana ce, domin daga bakinsa muka ji.

A shekarun tsuke bakin aljihu ne tauraronsa ya haska, lokacin da garin kwaki ya kori tuwon gero daga gidaje, albashi kuma ya zama sai an ga dama. Gwamnati ta ce za ta buɗe makarantar kwana ta yara masu baiwa, ci da sha da sutura duk kyauta. Aka kira hedimastoci bita a Kano. Malam Nababa ya je, ya sha barcinsa a ƙarƙashin fanka, ya dawo da tabarau da jakar hannu. Tun daga ranar malamansa suka laƙaba masa Furofesa, shi kuwa ya amsa da hannu bibbiyu.

Ya tara iyaye a gindin rimi, ya gyara zaman tabarau.

"Jama'a, baiwa ba tallan gyaɗa ba ce da kowa zai gane ta. Sai mai ido. To, ku gode wa Allah da ya ba ku ni."

Iyaye suka gode. Yaron da zai tafi inda ake cin shinkafa kullum, ai baki ɗaya ya ragu a kan akushi.

Ajin da ya rage da rufin kwano shi ya zama Ajin 'Yan Baiwa. Idon Furofesa ya yi aikinsa ba sani ba sabo: ya hango baiwa a jikin ɗansa Tasi'u, da 'ya'yan dagaci, da ɗan mai injin niƙa. Don kada a yi surutu ya ƙara da Kaltume, 'yar wani maginin tukwane, wadda ke zuwa ta ɗaya tun shigarta makaranta. Sauran yara aka tura su gindin rimi wurin Malam Mati, su ci gaba da lissafinsu na talakawa.

Darasin 'yan baiwa kuwa na manya ne. Furofesa ya koya musu tafiyar ƙasaita, da yadda ake dafe haɓa a dubi sama kamar ana tunani. Sauran lokacin ya cike shi da tarihin rayuwarsa.

Kaltume ce ta ɓata tsari. Kullum hannunta a sama.

"Malam, yaushe za mu fara lissafi?"

Furofesa ya cire tabarau, ya dube ta da tausayi.

"Yarinya, mai baiwa ba ya tambaya, don ya riga ya sani. Ɗauki allonki ki koma gindin rimi."

Ta koma, ta zauna a ƙasa, ta yi ta fama da raba-dai-dai har ranar jarrabawar shiga makarantar 'yan baiwa.

Ranar nan 'yan baiwa suka shiga ɗaki da tafiyar ƙasaita. Aka raba takardu, suka dafe haɓa suka dubi sama. Haka suka zauna cikin kwarjini har aka ce a ajiye alƙalami. Furofesa na leƙe ta taga, har da ƙwallar farin ciki.

Da sakamako ya fito, duk gundumar Kaltume kaɗai aka ɗauka.

Da wani ne, da ya shige ɗaka ya ja bargo. Furofesa kuwa sai ya sa babbar riga, ya sake tara iyaye.

"Kun ga aikin ilimi? Da gangan na kore ta. Dabara ce ta zamani, a Kano muka koyo ta. Duk yaron da na kora daga ajina, to, ya gama hayewa."

Aka yi tafi. Ya koma gida yana jin kansa a sama, ya ci tuwo har da neman ƙari.

Washegari da safe ya tarar da ƙofar ofishinsa cike da mutane. Ya gyara murya zai karɓi gaisuwa, sai dagaci ya matso ya rage tsawo.

"Allah ya ƙara ilimi, Furofesa. Alfarma muka zo nema. Don Allah a taimaka a kori namu su ma."

Furofesa ya gyara zaman tabarau, ya dubi layin mutanen. Can sai ya hango wata mata lulluɓe da mayafi ta kutso gaban layi, tana janye da yaro. Hure ce, matarsa, riƙe da hannun Tasi'u.

"Malam," in ji ta, "a fara da na gida."