Lif Ɗinsu Ya Kai Wata, Namu Yana Hutu

Jiya na hau bene goma sha ɗaya da ƙafa, buhun shinkafar da na sayo a kasuwar Deptford a kafaɗa, domin lif ɗin gidanmu bai dawo daga hutun da ya tafi tun kafin azumi ba. A hawa na shida gwiwata ta nemi a zauna a tattauna. Na zauna a matakala, na zaro littafin da 'yata Suweiba ta cusa mini a aljihu tun kwanakin baya, wai zai rage mini mita. Ƙagaggen labarin kimiyya ne na 'yan China da aka juya zuwa Turanci. A ciki, wata injiniya ta ƙera lif daga doron ƙasa har zuwa wata. Jama'a, har wata!

Ashe ba ni kaɗai na kamu ba. Ɗan Poland na hawa na huɗu ya karanta shi da yarensu, 'ya'yan Basomaliyar da ke hawan ƙasa da nawa kuma suna kallon ire-irensa a waya. Masana na ta wahalar binciken abin da ya sa duniya ta rungumi labaran nan. Su zo matakalarmu in ba su amsa kyauta: duk wanda ya taɓa jiran hukuma yana marmarin ganin inda aka ce za a yi, kuma aka yi.

Wadda ta fi kowa kamuwa ita ce maƙwabciyata Hajiya Katumi, tsohuwa 'yar zangon Kumasi. Ƙafarta ba ta iya bene, tun da lif ya tsaya ba ta taka ƙasa ba. Sau biyu asibiti na kiranta aikin ido ana sokewa saboda ba ta iya sauka. Sun ce in ta rasa na Alhamis ɗin nan, sai ta koma ƙarshen layi. Kullum bayan la'asar nake fassara mata babi guda.

"Malam Muniru," in ji ta, "matar nan injiniya, shi na da lambar waya?"

"Hajiya, ƙirƙirarta aka yi."

"To mai gyaran lif namu fa? Ka taɓa ganin shi da ido?"

Na buɗe shafi na gaba.

Amma kada a ce ba ma godiya. Mai Girma Sarkin Gyaran Gidaje, wato babban jami'in hukumar da ke kula da gidanmu, Allah ya ja zamaninsa, ya zo da kansa makon jiya. Ya tsaya a ƙasa, ya yaye ƙyalle daga kan sabon allo mai sheƙi da ke sanar da mu, cikin harsuna daban-daban, cewa lif ba ya aiki. Ya kuma gayyaci masu ƙorafi su sauko a gana. Hajiya ta ɗaga masa hannu ta taga.

Saboda haka mun yanke shawara: ranar Alhamis, ni da ɗan Poland da babban ɗan Basomaliya za mu sauko da ita a kan kujera. Ta ce a tafi a hankali, kuma kada in mutu a hanya ban ƙarasa mata labarin ba.

Ranka ya daɗe Sarkin Gyaran Gidaje, in ana son hoto, mu uku ne kawai, ƙafar kujera ɗaya ba ta da mai riƙewa. Ta ɓangaren gangara ce.