Mushe Abdussalamu da Katin Iri

Allah bai yi wa Mayahi rowa ba a shekarar da damina ta yi ƙarya. Gaskiya ne ya hana ruwa, gero ya tsaya iya gwiwa, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Amma ya bar wa garin Mushe Abdussalamu (Mushe ɗin nan na Faransanci ne, wato Malam), kuma garin da ke da Mushe Abdussalamu bai isa ya ce an manta da shi ba.

Shi ne shef na sashen ordinatar a furoje, wato shirin rabon iri. In ka kuskura ka ce kwamfuta, sai ya dube ka da tausayi ya gyara maka. Ya yi istaj, wato kwas na kwana tara, a Yamai, takardar shaidar tana rataye a bango daidai inda mai shigowa zai fara kai ido. Makullan USB uku ne a wuyansa kamar layu. Direbobi suna kiransa Dakta Danna-Nan a bayan idonsa, domin duk abin da ya lalace maganinsa ɗaya ne: ya tsaya a bayanka, hannu a aljihu, ya ce danna nan.

Sashen nasa mutum biyu ne da na'ura ɗaya. Ta biyun ita ce Saudatu, wadda ta shekara ashirin da biyu tana buga takardu, tun zamanin keken rubutu mai ƙararrawa. Mako uku ta yi tana shigar da sunayen magidanta na ƙauyukan Gidan Amumune da Kanan-Bakashe, mutanen da yunwa ta sa suka daka irin shukarsu suka sha fura da shi tun kafin bazara. Kowane gida kati ɗaya. Wanda ba shi da kati ba shi da iri, haka masu ba da taimakon suka shimfiɗa. Kamiyo biyu, manyan motocin kaya, suna tsakar gida cike da buhuna, an ba su zuwa Alhamis. In ba a sauke ba, za su wuce da kayan wani yanki. Gabas kuwa ta fara haɗa gajimare kowace la'asar.

Manhajar da ke fitar da katin an rubuta ta ne don tsarin Unix, na'urar biro, wato ofishin nasu, kuma Windows take ji. Saboda haka injiniyar da ta zo daga Yamai ta sa wata manhaja a tsakani, mai sa na'urar ta yi kwaikwayon Unix, kamar tafinta. Duk katin da za a fitar, aikin farko yakan kwafi kansa ya tayar da na biyu, na biyun ya buga katin ya tafi. Haka katin Gidan Amumune suka fito lafiya lau, har aka yi rabo.

Sai Mushe Abdussalamu ya dawo daga Maradi da kamara. Ƴar ƙarama ce, ba ta kai goruba ba. Ya ɗora ta bisa gilashin na'urar, ya zura faifan da ta zo da shi, ya danna eh ga duk abin da aka tambaye shi. Ya ce don ganawa da abokan hulɗa na Turai ne, ko da yake layin biron wasiƙa ɗaya ma sai ya huta sau biyu kafin ya kai ta. Kafin Turawan su kira, ya ga bai kamata kamarar ta zauna banza ba. Kowace safiya yakan ce wa Saudatu ta ɗan ba shi wuri, ya gyara hula, ya dafa haɓa, ya ɗauki kansa hoto.

Daga ranar katin Kanan-Bakashe suka ƙi fita. Baƙin allo ya cika da Ingilishi, kalma ɗaya ce ke ta maimaituwa, fork, sannan komai ya tsaya cik.

Gwanin namu ya duba ya ce zafi ne. Ya ɗauke fankar da ke kaɗa wa Saudatu ya juya ta ga na'ura. Saudatu ta yi gumi kwana guda, kati bai fito ba. Washegari ya ce wutar gurup, wato janareta, ce ba ta da tsabta, ya sa aka tace esansin da yake sha da ƙyalle. Rana ta uku ya ce sunayen ne suka yi tsawo, mutanen karkara ba su san na'ura tana da iyaka ba.

Saudatu mace ce mai riƙe kwanan wata. Ta jira ya gama shan shayi ta ce, "Shef, ni dai na lura tun ranar da aka sa kamarar nan abin ya fara."

Ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗan aji ɗaya. Ya kira direban babban kamiyon, Jatau, wanda ke kwance ƙarƙashin itacen bedi, ya shigo ya zama shaida. Sannan ya kama igiyar kamarar da yatsu biyu, ya zare ta, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Danna nan, Madam."

Ta danna. Fork.

"Voilà. Kamara tana hannuna, cuta tana nan. Madam Saudatu, c'est technique. Ita kimiyya ba a yinta da na lura. A Yamai mun yi kwana guda cur a kan wannan babi. Abin da ba ya jone ba ya aiki, abin da ba ya aiki ba ya hana aiki. Matsalar ita ce wannan na'ura ta yi wa ilimin da ake zuba mata kaɗan. Donc, zan nemi sabuwa."

Jatau ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe Dakta, sabuwar za ta iso kahin Alhamis?"

"Wannan tambayar direba ce."

"Awo, ai direban ne. Ni dai jiya na ji ƙamshin ƙasa daga wajen Tasawa. In ruwa ya sauka buhu na bisa mota, sai mu shuka shi nan tsakar biro, ka yi mana noma da danna nan."

Ranar Laraba Mushe Abdussalamu ya sa babbar riga mai aska takwas, ya tafi wajen kaftin ɗin da sojoji suka ɗora kan sa ido a rabon taimako, da wasiƙa mai shafi huɗu ta neman sabuwar na'ura. Saudatu ta zauna ita kaɗai. Idonta ya faɗa kan ɗan littafin da injiniyar ta bari, wanda shef ya ɗauke tun ranar farko ya mayar da shi matashin linzamin na'ura. Bangon ya yi sulɓi don gogayya, cikin kuwa ba a taɓa buɗe shi ba.

Ta karanta kamar yadda take karanta kowace takarda, daga layin farko. A shafi na goma sha ɗaya ta sami kalmar. Littafin yana kiran aikin farko uwa, na biyu ɗa, yana bayanin abin da ke sa ɗan ya mutu kafin ya fara motsi. Saudatu ba ta son a sa wa ƙarfe irin wannan suna, ta wuce layin da sauri. Bayanin dai a fili yake. Na biyun dole ya zauna a daidai gurbin da na farko ya tanadar masa a ƙwaƙwalwar na'ura. Akwai kuma wasu ƙananan manhajoji da ke tashi tare da na'urar, suna gudana a ɓoye ba sa fitowa a gilashi, suna cusa kansu cikin kowane aiki. In ɗaya ta riga ta shimfiɗa tabarma a gurbin, shi ke nan. Aka jera masu yin haka: wasu magungunan virus, da manhajojin wasu kamarori. Ƙasan shafin an ja layi: zare igiya ba ya korar su.

Ashe kamara ta tafi, ta bar ɗan aikenta a gida.

Ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, yatsa a kan littafi. Ta buɗe jerin masu gudana a ɓoye, ta sami mai sunan kamarar, ta tsayar da shi, ta hana shi tashi gobe. Ta kashe na'ura ta kunna. Ta yi bisimilla ta danna. Injin bugawa ya yi tari, ya ja takarda. Katin farko ya fito, na wani Na Allah mai iyali tara. Ta riƙe shi da ɗuminsa, sannan ta leƙa taga ta ce wa Jatau ya duba tayoyinsa.

Kafin la'asar katin sun yi tsibi. A lokacin ne shef ya shigo, kaftin a bayansa, ya zo ganin na'urar da aka ce ta mutu. Kaftin mutum ne siriri, maganarsa ba ta da yawa. Ya dubi injin yana aman kati, ya dubi wasiƙar da ke hannunsa.

Da ƙaramin mutum ne, da ya daburce. Mushe Abdussalamu kuwa ya sunkuya ya tambayi Saudatu a hankali mi ya faru, ta faɗa masa a jimla biyu, ya miƙe da su kamar shi ya haife su.

"Mon capitaine, dabarar da na ɗana kafin in fita ta kama. Kwana uku ina farautar wani abu da ke gudana a ɓoye cikin wannan ordinatar, yana shaƙe ayyuka tun suna tasowa. Ba kowane ido ke ganinsa ba. Kuma ina faɗa da babbar murya, irin wannan ba ya shiga da kansa. Hannu ne ya sa shi. Sabotaj ne, zagon ƙasa. Akwai waɗanda ba sa son talaka ya yi shuka a ƙarƙashin wannan mulki."

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya manta cewa akwai kalmomin da ba a furtawa gaban soja don ado.

Kaftin ya cire tabarau. "Sabotaj. Madam, na'urar tana nuna ranar da aka sa abin?"

"Tana nunawa, mon capitaine."

"Da wanda ya yi amfani da shi?"

Saudatu ta dubi shef. Ta so ta rufa masa asiri, amma an tambaye ta, kuma ba ta saba ba da amsar da ba daidai ba. Ta buɗe ma'ajiyar kamarar.

Mushe Abdussalamu ya cika gilashi. Ga shi da hula zanna, ga shi da dara, ga shi ya dafa haɓa yana hangen nesa, ga shi da waya a kunne wadda igiyarta ke lilo ba a jone ba, ga shi ya juya gefe don a ga takardar shaida. Kowane hoto da kwanan wata a ƙasansa, na farko ranar da kati ya tsaya. Kaftin ya ja kujera ya zauna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Jatau da ke bakin ƙofa tari ya kama shi, ya fita.

"An kama mai laifi," in ji kaftin. "Ba zan rufe ka ba, ba mu da abincin ciyar da kai. Gobe ka bi iri Kanan-Bakashe. Madam za ta zauna gaba ta kira sunaye. Kai a baya."

Haka aka yi. Da hantsin Alhamis kamiyo ya tsaya a dandalin ƙauyen farko, sama ta yi baƙi ƙirin daga gabas, iska tana ɗaga zannuwa. Saudatu ta zauna a kan benci tana kiran suna, mutane suna amsawa, kowa ya karɓi katinsa ya nufi bayan mota. Can Mushe Abdussalamu yake, babbar riga ta koma kalar ƙasa, yana miƙo buhu, Jatau yana nuna masa inda ake kamawa.

Wata tsohuwa, Hajara, ta karɓi rabon gidanta, ta kasa ɗagawa. Ta waiga ta ga mutum tsaye yana haki.

"Kai ɗana, kama mini."

Ya buɗe baki zai gaya mata ko shi wane ne, ya hango idon Saudatu, ya rufe. Ya sunkuya ya ɗora mata. Tsohuwa ta gyara gammo, ta dube shi sama da ƙasa, tausayi ya kama ta.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Wanga aiki ba naka ba ne, ba ka da ƙashinsa. Da iyayenka sun sa ka lakwal ka yi boko, da yanzu kana inuwa kamar waccan baiwar Allah."