Sai Wata Mai Zuwa

Ranar da na karɓi sabon katin ta'amin, wato inshorar lafiya, a Sinnar, nan take na soke tsohon, na dawo garinmu Mai Wurno ina taƙama. Matata Hajara ta ce, "Malam, ka tambayi ranar da sabon zai fara aiki?" Na ce, "Ni za ki koya wa shiga ofis?"

Jakin da na shekara bakwai ina ciyarwa bai tashi harbina a gwiwa ba sai a wancan makon! A asibiti ma'aikaci ya jujjuya katin ya ce, "Ma'alesh ya Hajj, yi haƙuri, wannan sai wata mai zuwa." Tunkiyar Hajara muka sayar aka yi mini ɗori.

Har yau ko atishawa na yi, sai ta ce, "Daure, Malam, sai wata mai zuwa."