Asabar Ɗin da Na Faɗaɗa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na faɗaɗa mahaifin yarinyar da nake nema ba, a gaban danginsa da fastonsa da kaf Zumuntar Mata na ikilisiyarsu.

Malamin kwamfuta ne ni a wata sakandare a Kafanchan, ƙarshen mako kuma ina ɗan haɗa bidiyon biki. A lokacin ina neman Rifkatu, tela ce a bakin kasuwa. Mahaifinta, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo siriri har ba kasafai ake kiransa da sunansa ba sai Baba Dogo. Wata takwas ina zuwa gidan, in durƙusa in gaishe shi, amsarsa ba ta wuce "Hmm, malam." Da na ji 'ya'yansa za su yi masa sujadar godiya ta cika shekara saba'in, sai na ce to, ga inda zan nuna masa ko ni wane ne.

Dabarata ita ce in ɗauki bidiyon Mama Asabe, matarsa, tare da yaran suna tafiya a gefen wani tsohon tarago a tasha, sannan in manna hoton Baba na samartaka, cikin kakinsa da hularsa, a jikin taragon kamar an zana shi da fenti. Ba manna hoton ne aikin ba. Aikin shi ne ya zauna daram yayin da kyamara ke tafiya. Akwai manhaja da ke bin motsin kyamara, ta kama kusoshi da tabon tsatsa a jikin ƙarfen ta riƙe, hoton ya bi su duk inda suka yi. Sati biyu na yi ina koyon wannan a intanet, na fara jin kaina kamar wanda Kafanchan ta yi wa kaɗan.

Na aro kyamarar ikilisiyarmu, tsohuwa amma mai kwarjini (irin wadda in ka saɓa ta a kafaɗa mutane ke ba ka hanya). Da na zuba bidiyon a kwamfuta, na lura kowa ya ɗan rame. Mama Asabe, wadda Allah ya yi wa albarkar jiki, ta fito da ƙugu. Me na ce? Na ce, "Kai, kyamarorin da sun fi na yanzu iya fito da mutum." Na manna Baba, ya zauna cif, ko gezau. Na fitar da bidiyon, na zaɓi ya fita da tsarin da kyamarar ta zo da shi, na zuba a filas. Ban kalla ba. Na tafi gugar riga.

Ranar Asabar da rana ɗakin taro ya cika. Mata suka rufe tagogi da zannuwa don majigi ya fito sosai. Baba na zaune a gaba, abokan aikinsa na da suna bayansa, dangi daga Fadan Kagoma sun cika layi uku. Aka ba ni makirfo don in ce a kashe fitila kawai, amma bakina ya ƙi tsayawa nan.

"Iyayena," na ce, "abin da za ku gani yanzu, ko a Kaduna ba kowa ke iya shi ba."

Aka yi tafi. Na danna.

Ga tasha, ga Mama da yara suna tafe suna ɗaga hannu, kowa da ainihin jikinsa. Mama ta koma yadda muka san ta. Kafin in gama mamakin wannan, kyamara ta juya kan tarago.

Jama'a, wani mutum ne a wurin, amma ba Baba Dogo ba. Fuska kamar faranti, wuya ya ɓace, hular ta baje kamar murfin tukunyar biki, kafaɗu daga wannan ƙofar tarago zuwa waccan. Kuma saboda na iya aikina, mutumin nan bai motsa ko kaɗan ba. Kyamara na matsowa, shi ma yana matsowa. Ni da hannuna na rage saurin wurin, na sa masa kiɗa mai taushi, don mutane su samu lokacin kallo.

Suka kuwa samu.

Wani tsoho cikin abokan Baba ya fara: "Yohanna! Yaushe ka yi wannan ƙiba ba mu sani ba? Ashe kai ne kake cinye abincin kantin ma'aikata!"

Mama Asabe ta miƙe, ta gyara tabarau, ta ce da ƙarfi, "Ni dai wannan mutum ban taɓa aure shi ba."

Ɗakin ya fashe. Na yi tsalle na fizgi rimot ɗin majigi, na danna maɓallin da ke matse hoto daga gefe. Nan take Baba ya dawo dogonsa, kyakkyawan saurayi. Sai dai duk sauran sun tsuke. Rifkatu ta zama kamar tsinken tsintsiya, Mama kuwa ta koma 'yar shekara ashirin.

Mama ta rangaɗa guɗa. "Bar shi a nan! Ɗana, kada ka taɓa!"

Zumuntar Mata suka ɗauka: "A bar shi! A bar shi!" Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa kuma suna buga benci: "A dawo mana da mai ƙiba!" Ni kuma ina ta dannawa ban san na danna ba. Baba ya kumbura, Baba ya sace. Mama ta rame, Mama ta dawo. Mai gangar mata ta ga abin yana tafiya da tsari, sai ta fara bin sa da kiɗa. Wasu suka tashi rawa. Fasto ya cire tabarau yana share hawaye, yana cewa, "Ya isa, ya isa, Ubangiji ya yi mana jinƙai." Da na sake dannawa da ƙarfi, majigin ya zuƙo hoton gaba ɗaya ya yanke kan Baba, ya bar mana tumbi da maɓallan kaki.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne mai bikin. Na naɗe wayoyina na bi ta ƙofar baya, ko shinkafar ban tsaya ci ba.

Washegari bayan sujada Rifkatu ta same ni a gaban kwamfuta, ina ta ja da matse hoton Baba, na gyara tsawo faɗi ya lalace. Ta yi dariyarta ta ƙoshi tukuna, sannan ta nuna allo.

"Kai ba ka ga ƙafar jirgin ba? Tun yaushe ƙafar jirgi ta zama ƙwai?"

Na duba. A cikin manhajar, ƙafafun taragon duk sun tsuke. Ashe tsohuwar kyamarar nan matse hoto take yi daga gefe ta ajiye, da sharaɗin in an zo nunawa a buɗe shi. Ni ban gaya wa manhajar haka ba. Na manna lafiyayyen hoto a kan matsattsen bidiyo, da aka buɗe kowa ya koma daidai, Baba ya wuce daidai.

"Faci ka ɗinka a kan yadin roba kafin a ja shi," in ji Rifkatu. "Ko 'yar koyo ba ta yin haka."

Na fara buɗe bidiyon har ƙafafun suka zama da'ira, na sa manhajar ta sake bin motsin kyamara daga farko, sannan na mayar da Baba. Minti arba'in, aikin ya ƙare. Wannan karon na kalla a kwamfuta, na kalla a waya, na je na kalla a talabijin ɗin maƙwabci.

Da yamma na kai gidan, na durƙusa tun daga bakin ƙofa. Baba ya kalli gyararren bidiyon har ƙarshe. Can ya juyo.

"Malam, shekara arba'in da biyar matar nan tana ba ni tuwo in yi ƙiba, ta kasa. Kai ka yi a minti ɗaya." Sai na ga kafaɗunsa na girgiza don dariya. "Ka ce wa mutanenka su zo. Amma ranar bikin, wani zai riƙe kyamara."

Mama ta raka ni har waje, ta rage murya ta ce in tura mata wancan, na ramewar, a wayarta.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga kowa ya yi kyau fiye da yadda Allah ya yi shi, kada ka yaba wa kyamara, je ka duba saiti. Sannan in an ba ka makirfo ka ce a kashe fitila, ka ce a kashe fitila, ka zauna.