Ranar da Na Lasa Ƙasa da Hannun Hagu

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da motar majigi ta tsaya a bakin kasuwar Shagari, ni kuwa ina bisa motar ina ta ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka. Zamanin Turawa ne, an fara raɗe-raɗin mulkin kai. Yau na tsufa a sana'ar wasan kwaikwayo, an yi mini dariya a garuruwa da yawa, da ita ma na ci abinci. Amma dariyar wannan rana, in na tuna ta har yanzu sai jikina ya yi sanyi.

Ni dai ban taɓa fitowa a sarki ko jarumi ba. Fuskata ba ta ba da haka ba (mahaifiyata ma ta yarda da wannan). Tun muna elementare a Bodinga, in za a yi wasan rufe makaranta, ni ake ba kurman mai gadi, ko mahauci mai rowa, ko tsohon da barci ke kwashewa a gaban alƙali. Da na girma na kama aikin En'e, wato hukumar gargajiya, sai aka riƙa yawo da mu ƙauyuka muna wasannin wayar da kai. Kowa ya san in ana neman wawa, ga ni.

Ana nan sai wani Bature mai ɗaukar hoto ya zo tare da malamin gona, suna so su yi majigi a kan takin zamani. Manoma biyu ake bukata, mai hankali da mai taurin kai. Ba sai na faɗa muku wanda aka ba ni ba. A wata gona kusa da Dingyaɗi aka yi aikin. Rana ta take, Bature ya yi jajir, ya sa tafintansa ya gaya mini in yi wani abu da zai nuna mutumin nan kansa a duhu yake. Na tsaya na rasa abin yi. Sai kawai na ga na tsuguna, hannuna ya kai ƙasa.

A nan sai na gaya muku wane ne mahaifina. Manomin albasa ne da gero, mutum mai kawaici, ba ya shiga sabgar kowa. Yana da wata al'ada da ya gada wurin kakanmu: kafin ya yi shuka ko dashe, sai ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ɗebi ƙasa da yatsu ya ɗan lasa, ya rintse ido, sannan ya gyaɗa kai ko ya girgiza. A bayan idonsa Mai-lasa ake ce masa, kuma ba da raini ba. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce, "Kai wanga."

To, shi na yi. Tafiyarsa ta mai ciwon gwiwa, tsugunonsa, rintse idon, duka. Bature ya yi murna, ya ce a sake, amma hannuna na dama yana kare fuskata daga na'urar ɗaukar hoton, in yi da hagu. Na yi da hagu ban ko yi tunani ba. Har na ƙara gishiri, na lashe yatsu ina lumshe ido kamar mai shan zuma.

Da hoton ya dawo daga wurin wanki bayan wasu watanni, a Bodinga aka fara nunawa. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki, kaina ya kumbura. Washegari Shagari, garinmu. Na je gida na matsa wa Baba lallai sai ya zo ya ga ɗansa.

Ya ce, "Mi za ni gani ga inuwa bisa ƙyalle?"

Na ce, "Baba, manyan gari duk za su zo."

Ni da kaina na ɗauki buzunsa, na ratsa taro, na shimfiɗa masa a sahun gaba kusa da liman. (In Allah zai kunyata mutum, shi yake sa wa ya share wurin da hannunsa.)

Bayan magariba aka ta da inji, haske ya hau farin ƙyalle. Majigin lokacin ba ya magana, akwai mai bayani da ke riƙe da lasifika yana faɗin abin da ake gani. Baƙo ne, bai san kowa a garin ba. Da na fito ina ɗingishi aka fara dariya. Da na tsuguna sai na ji dariyar sahun gaba ta ɗauke. Mai bayani kuwa ya buɗe murya ya ce, "Jama'a ku dubi wannan bawan Allah. An kawo masa taki ya ƙi, shi ƙasa yake ci. Da hagu ma yake ci."

Daga can baya wani ya ce, "Wanga ai Mai-lasa na!"

Sai wuri ya ɓarke. Fuskata ce a ƙyallen, amma ba wanda ya dube ni, kowa leƙen sahun gaba yake yi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba bai motsa ba. Ya kalli hoton har ƙarshe, har wurin da gonar mai taurin kai ta bushe matarsa ta yi yaji. Ni kuwa na so ƙasar da na lasa ta tsage in shige. Kunya na ji, da tsoro, da wani baƙin ciki da ban san irinsa ba.

Muka kama hanyar gida, yana gaba ina baya da buzu a hammata. Sai a ƙofar zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Kai wanga."

"Na'am, Baba."

"Tahiyar, ka yi ta daidai. Rintse idon ma hakanan nika yi. Amma yaushe kat taɓa ganin na kai hannun hagu ga baki?"

Na fara kame-kame, ina cewa Bature ne ya ce, na'urar ce take wancan gefen.

Ya ce, "Bature bai san ni ba. Kai kas san ni."

Ya karɓi buzunsa ya shige. Bai sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini sanda, da na fi samun sauƙi.

Da lokacin dashen albasa ya zo na bi shi fadama, wai ko taya aiki zai wanke ni. Ya tsuguna kamar kullum, ya yi bisimilla, ya ɗebi ƙasa da damansa. Sai ya ɗaga kai ya ga maƙwabtan gona sun dakata da aiki suna kallo. Ya murje ƙasar a yatsunsa, ya bar ta ta zube, ya ce in miƙo masa irin. Har ya koma ga Allah ban ƙara ganin ya kai ƙasa baki ba.

Na ci gaba da sana'ata, na yi wawaye iri-iri a dandamali da majigi, amma duk a kasuwannin nesa nake samo su, wurin mutanen da ba su da kowa a sahun gaba. Darasin ba wuya gare shi ba, ko ɓarawon akuya ya san shi: ba a sata a gida. Ni na yi, kuma abin da na ɗauka ban iya mayar wa mai shi ba.